Dafin Ƙarfe Cikin Ruwan Birni: Ina Ya Kamata A Tare Shi?

Idan rani ya kama, rafuka da yawa su kan ƙafe, amma ruwan da ke fitowa daga birni ba ya yankewa. Shi ya sa manoma masu yawa a gefen Kano da Kaduna da Zariya da Jos su ke noman rani da shi. Suna shuka latas da kabeji da alayyafo da karas da albasa, su sayar a kasuwa, su ciyar da iyalinsu. Ruwan yana da taki a cikinsa, ganye kuwa ya kan yi kore shar.

Amma ruwan birni ba daga gidaje kaɗai ya ke fitowa ba. Masana'antu ma suna zuba nasu cikin kwata ɗaya da na gari, a cikin nasu kuwa akwai ƙarafa masu dafi. A wannan karo muna so mu bayyana ko waɗanne ƙarafa ne, me su ke yi wa ƙasa da jikin mutum, da kuma dalilin da ya sa wurin tare su shi ne cikin harabar masana'anta, tun ba su gauraya da ruwan gari ba.

WAƊANNE ƘARAFA NE?

Ba ƙarfen garma ko na fartanya mu ke nufi ba. Muna nufin ƙarfen da ya narke cikin ruwa kamar yadda gishiri ya ke narkewa, ko wanda ya zama gari mai laushi ya bi laka. Guda huɗu ne su ka fi damuwa.

Dalma. Tana fitowa daga batirin mota, da wasu irin fenti, da wuraren narkar da tsohon ƙarfe. Ta fi cutar da yara ƙanana, gama ta kan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa gane karatu, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa. Mun ga ƙarfinta a Zamfara.​ 

A shekarar 2010, ƙurar dutsen zinariya mai dalma, wanda a ke niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Kadimiyam. Yana cikin wasu batura masu caji, da wasu launuka, da ruwan da a ke shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Ya kan taru cikin ƙoda shekara da shekaru, ya lalata ta, ya raunana ƙashi. Tsiro mai ganye yana shansa daga ƙasa da sauƙi.

Zaiba. Masu haƙar zinariya suna aiki da ita, tana kuma cikin wasu fitilu da abin cike haƙori. Idan ta shiga tafki ta kan taru cikin naman kifi. Tana lalata jijiyoyi, ta kan kuma cutar da jariri tun yana ciki.

Kuromiyam, wanda masu jima su ke kira kurom. Da shi a ke jeme yawancin fatun duniya a yau. Iri biyu ne. Wanda a ke jima da shi dafinsa da sauƙi, tsiro ma ba ya shansa da yawa. Ɗayan, na masu sa ƙarfe ƙyalli, yana cin fatar jiki, yana kuma kawo ciwon daji ga mai shaƙarsa. Abin lura shi ne, idan aka ƙone yankakkiyar fata ko lakar majema, wani kashi na mai sauƙin ya kan juye ya zama mai tsananin.

Ban da waɗannan akwai jan ƙarfe da tutiya. Tsiro yana bukatarsu kaɗan, amma in sun yi yawa su kan tsumburar da shuka, su kashe kifi.

ƘARFE BA YA RUƁEWA

Wannan ita ce maganar da mu ke so kowa ya riƙe. Kashin shanu ya kan ruɓe ya zama taki. Ruwan wanke-wanke da bayan gida su ma su kan ruɓe. Ƙwayar cuta ta kan mutu idan an tafasa ruwa ko rana ta buge ta. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa, ba ya mutuwa. Sai dai ya tashi daga wuri ya koma wani: daga ruwa zuwa laka, daga laka zuwa gona, daga gona zuwa ganye, daga ganye zuwa jikin wanda ya ci.

Kaɗan ne kuma ya ke isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma cikin ruwan sha kada ta wuce gram 1 cikin lita 100,000, watau ganga 500 masu cin lita 200. Dunƙulen Maggi ɗaya nauyinsa kimanin gram 4 ne. Ke nan dalma mai nauyin dunƙule ɗaya ta isa ta kai ruwan ganga 2,000 bakin iyaka. Iyakar kuromiyam ita ce gram 1 cikin ganga 100. Ta kadimiyam ta fi ta dalma tsanani har sau uku. Ido ba ya ganin wannan, harshe ma ba ya ji.

Mu yi wani lissafi domin misali. A ce manomi ya ba hekta ɗaya ruwa lita miliyan 5 a rani guda, a cikin kowace lita 1,000 kuma akwai gram 1 na ƙarfe. Kilo 5 ke nan ya zuba wa gonarsa. Ruwan ya nitse ko ya bi iska, ƙarfen ya zauna cikin ƙasar sama inda saiwa ta ke. Bayan shekara 10 kilo 50 ne.

Haka ya faru a Japan. A lardin Toyama, manoman shinkafa sun daɗe suna ban ruwa daga kogin Jinzu, ba su san mahaƙar da ke sama tana sakin kadimiyam cikinsa ba. Shinkafa ta sha, mutane su ka ci. Mata da yawa, musamman waɗanda su ka yi haihuwa da dama, ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya riƙa karyewa ko da tari su ka yi. A 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadimiyam ne sanadin ciwon. Gyaran gonakin ya ci fiye da shekara 30, ana kawo sabuwar ƙasa ana maye gurɓatacciya, ba a gama ba sai 2012.

INDA RUWAN KANO YA KE BI

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Majeman gargajiya da toka da bagaruwa su ke aiki, abin da su ka zubar kuwa, ko da ya ke yana wari, ya kan ruɓe. Jimar kurom daga baya ta zo. A Amurka aka fara cin kasuwarta wajen 1884, ta bazu domin tana da sauri: aikin da zai ci kwanaki masu yawa da bagaruwa a kan gama shi cikin yini guda. Fatar ta kan fito shuɗiya-shuɗiya.

Manyan kamfanonin jima na Kano suna unguwannin masana'antu uku: Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, Jakara kuma ta zuba cikin madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, shi da na Challawa su ƙare cikin kogin Challawa, wanda ya ke haɗuwa da kogin Kano su nufi Wudil da Haɗeja. Duk gefen waɗannan ruwaye akwai lambuna da masunta da makiyaya. Malaman jami'o'i sun sha auna ruwa da laka da ganye a waɗannan wurare, sun kuma sha samun ƙarafa fiye da ƙa'ida.

Fata ba ta shanye dukan kurom da aka zuba mata. A jimar da aka saba, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ne ke kama fata, sauran ya fita da ruwa. Ruwan da ke fita daga gangar jima ya kan ɗauki gram 2 zuwa 4 na kurom a kowace lita. Mu ɗauki gram 3. Ganga ɗaya tana da gram 600 ke nan. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara kada kuromiyam cikin ruwan ban gona ya wuce gram 1 cikin lita 10,000. Kafin ganga ɗayan nan ta sirku ta kai wannan ma'auni, sai an zuba mata ruwa mai kyau ganga 30,000. Wane rafi ne ya ke da wannan ruwa a watan Maris?

ASHE MATATAR GARI BA ZA TA TSARKAKE SHI BA?

Mutane da yawa su kan ce, da gwamnati za ta gina babbar matatar ƙazamin ruwa, irin ta Wupa a Abuja, da an huta. Lalle matata abu ne mai kyau, garuruwanmu kuwa suna bukatarta. Amma ya kamata mu san abin da ta ke iyawa da abin da ba ta iyawa.

Ga yadda ta ke aiki. Da fari ruwan ya kan bi ta cikin raga, a tare leda da tsumma da itace. Sa'an nan ya shiga babban kwarmi ya tsaya, yashi da dauɗa mai nauyi su kwanta. Daga nan ya wuce wani kwarmi inda a ke hura masa iska. A nan akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, irin masu ruɓar da taki a bola, su ne ke cinye ƙazantar. A ƙarshe ruwan ya sake tsayawa, laka ta kwanta, a saki na sama cikin kogi ko a kai shi gonaki. Lakar kuma a kan shanya ta, a ƙasashe da yawa a ba manoma su yi taki.

Watau matata wurin ruɓarwa ne, domin ƙazantar gidaje aka gina ta. Idan ƙarfe ya shigo, ɓarna uku ya kan yi.

Ta ɗaya, idan ya zo da yawa a lokaci guda ya kan kashe ƙananan halittun nan. Sai aikin matata ya tsaya, ƙazantar gari duka ta wuce cikin kogi ɗanya, kafin halittun su farfaɗo kuwa a kan yi kwanaki ko makonni.

Ta biyu, wani kashi na ƙarfen ya kan bi ruwan ya fita kamar yadda ya shigo, ya iske mai lambu da masunci a ƙasa.

Ta uku, kashi mafi yawa ya kan kwanta cikin laka. Lakar da za ta zama taki mai amfani sai ta zama dafi. Ba a kai ta gona, ba a ƙone ta a fili, dole a nemi wurin binnewa da kuɗin jama'a.

ABIN DA YA FARU A KANFUR

Kanfur babban birni ne a bakin kogin Ganga a ƙasar Indiya. Kamar Kano, garin fata ne, a unguwar Jajmau kaɗai kamfanonin jima sun kai wajen 400. A 1987 Kotun Ƙoli ta Indiya ta ba da umurni kowane mai jima ya fara gyara ruwansa a harabarsa, in ba haka ba a rufe shi. A 1994, da taimakon ƙasar Holan, aka buɗe matata mai ɗaukar lita miliyan 36 a rana: miliyan 27 na ruwan gari, miliyan 9 na masu jima. Ruwan da ya fito daga cikinta a kan tura shi ta magudana zuwa gonakin ƙauyukan da ke kusa.

An tsara matatar bisa cewa masu jima za su cire kurom kafin su sako ruwansu. Da yawa ba su yi ba. Kamfanoni kuma su ka ƙaru, ruwansu ya wuce miliyan 9 nesa ba kusa ba. Kurom ya cika lakar matata, ya bi magudana ya shiga gonaki. Manoman da su ka yi murna da samun ruwan rani su ne su ka dawo suna kukan raguwar amfani da ƙaiƙayin jiki. Matatar tana nan, an kashe kuɗi mai yawa, amma tun da ba a tsare bakin ƙofar masana'anta ba, sai ta zama hanyar kai dafi gona. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

YADDA AMURKA TA TSARE BAKIN ƘOFA

Amurka ma ta sha wannan wahala. A 1972 ta kafa dokar tsabtace ruwa, a 1978 kuma ta fitar da ƙa'idodi na musamman domin masana'antun da ke zuba ruwansu cikin bututun gari. Ga manyan abubuwan da ke ciki.

Babbar masana'anta ba ta zuba ruwa cikin bututun gari sai da takardar izini daga hukumar matata. Takardar ta kan faɗi iyakar kowane ƙarfe. Masana'anta tana auna ruwanta ta kai rahoto, ma'aikatan hukuma su ma su kan zo su ɗebi nasu su auna. An hana ƙara ruwa mai kyau don a sirka dafi a ce an cika ƙa'ida. Kowace shekara kuma a kan buga sunayen manyan masu karya dokar a jarida, kowa ya gani.

A 1993 aka ƙara dokar da ta sa iyaka ga ƙarafan da ke cikin lakar da za a kai gona. A 2017 dokar ta kai ga likitocin haƙori: aka ba su zuwa 2020 su sa ɗan abin tace zaiba a bututun ɗakin aikinsu. Abin da ke fita daga ɗaki ɗaya kaɗan ne, amma ɗakunan da yawa su ke. Tushen tsarin duka ɗaya ne: wanda ya kawo ƙarfen shi ne zai cire shi, da kuɗinsa, a harabarsa.

YAYA A KE CIRE SHI A MASANA'ANTA?

Cire ƙarfe daga ganga ɗaya mai kauri ya fi sauƙi da araha bisa cire shi daga ganga 30,000. Aikin kuma bai fi ƙarfin injiniyoyinmu ba. Matakai biyar ne.

1. A rage abin da a ke zubawa. Idan mai jima ya auna kurom daidai, ya lura da zafin ruwa da tsaminsa da tsawon lokacin juya ganga, fata ta kan sha kashi 80 ko fiye. Mai sa ƙarfe ƙyalli kuma ya bar kayan su ɗiga cikin tukunyar magani kafin ya kai su ɗauraya, ya kuma jera bahon ɗauraya biyu ko uku, kamar yadda mata su ke yi wajen wanke kwanuka, ruwan baho na ƙarshe ya dawo na fari.

2. A raba magudana. Ruwan kurom ya bi hanyarsa dabam, kada ya gamu da ruwan cire gashi ko na wankin daɓe. Wannan yana tsare rai ma, gama ruwan cire gashi in ya gamu da ruwa mai tsami ya kan tada iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta sha kashe ma'aikata masu shiga rami.

3. A kwantar da ƙarfen. A tara ruwan kurom cikin tanki, a zuba masa wani farin gari mai suna maganisiya, a dama, a bari ya kwana. Kurom zai kwanta ƙasa, kamar yadda gasara ta ke kwantawa, a tsiyaye ruwan sama. Sauran ƙarafa da yawa su ma a kan kwantar da su da farar ƙasa.

4. A mai da shi aiki. Kurom ɗin da ya kwanta, in an zuba masa asid irin na ruwan batir ya kan narke, a haɗa shi da sabo a sake jima da shi. Ta wannan hanya a kan ceto fiye da kashi 90 na abin da da zai bi kwata. Kurom daga waje a ke sayo shi da kuɗin ƙasashen waje, saboda haka abin da kamfani ya ceto riba ce gare shi. Ƙananan masu jima da ba su iya gina tanki na kansu su kan haɗa kai su gina ɗaya, a riƙa kai ruwan can da tankar mota.

5. A killace lakar da ta rage. A shanya ta a daɓen siminti, a binne a ramin da aka shimfiɗe da yumɓu ko roba mai kauri, nesa da rijiya da fadama. Kada a jibge ta a bakin hanya inda ruwan sama zai kwashe ta.

Ƙananan masu sana'a ma suna ciki. Mai cajin batir da mai fasa tsohon batir kada su tuttular da ruwansa cikin kwata. Mai rinin zamani da bakanike su ma su tara nasu a wuri guda.

AKWAI DOKA A ƘASARMU?

Akwai. Bayan da aka gano gangunan dafi da aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. A 1991 aka fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kowace masana'anta ta kafa kayan gyara ruwanta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda ta ke riƙe da aikin yanzu, a 2009 kuma ta fitar da ƙa'idodi na masaƙu da kamfanonin fata. Jihohi ma suna da ma'aikatun muhalli.

Ke nan wanda ya nemi masana'anta ta gyara ruwanta ba alfarma ya ke roƙo ba, abin da doka ta riga ta faɗa ya ke nema. Ba ma kuwa neman a rufe kamfanoni. 'Ya'yanmu suna aiki a cikinsu, su ne kuma ke sayen fatar akuya da ta tumaki daga hannun mai kiwo. Abin da mu ke nema shi ne kamfani ya riƙe ƙarfensa. Kamfanin da ya zubar da shi don ya rage kashe kuɗi, ya ɗora kuɗin ne a kan mai lambu da masunci da uwar da ke jinyar yaro.

ABIN DA MANOMI ZAI IYA YI TUN YANZU

1. Ku san inda ruwanku ya fito. Ku bi rafin zuwa sama ku ga abin da ke zuba cikinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

2. Ranar da ruwa ya sauya launi, ya yi shuɗi ko baƙi ko ja, ko ya zo da kumfa da wari mai ƙarfi, ku kashe injin ban ruwa, ku hana dabbobi sha. Amma ku tuna, ruwa garau ma yana iya ɗaukar dalma da kadimiyam.

3. Inda ya yiwu, ku haƙa rijiya a fadama nesa da magudanar. In ba hali, ku haƙa ɗan kududdufi ruwan ya kwana ciki kafin ku ja na sama, gama ƙarfe mai yawa yana tafiya tare da laka. Ku sa tiyo ya sha daga sama, kada ya taɓa ƙasa. Wannan ragewa ya ke yi, ba ya kawar da dafin duka.

4. Kada ku karɓi laka ko yankakkiyar fata daga masana'anta da sunan taki, ko da kyauta ne. Kada a ba kaji ko kifi yankakkiyar fata mai shuɗi, kada kuma a yi makamashi da ita.

5. A gonar da ta daɗe tana shan irin wannan ruwa, ganye kamar alayyafo da latas sun fi tara kadimiyam bisa masara da tumatir. Shinkafa ita ma tana tarawa. Takin dabbobi da farar ƙasa suna rage abin da tsiro ya ke sha, musamman a ƙasa mai tsami.

6. Mata su wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, su fere karas, su yar da ganyen kabeji na waje. Wanki yana cire ƙurar da ke bisa, ba ya cire abin da ya shiga ciki. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta taɓa ƙarfe.

7. Kada yara su yi wasa ko wanka cikin magudanar masana'anta. Su wanke hannu kafin cin abinci.

8. Ku yi aiki a ƙungiyance. Ku sami littafi ɗaya, ku riƙa rubuta rana da sa'a da launin ruwa, da ranar da kifi ya mutu ko shuka ta ƙone. Ku nemi malamin gona ya taimake ku kai ruwa da ƙasa da ganye awo. Jami'ar Bayero a Kano da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna da ɗakunan awo, a Samaru kuma akwai cibiyar nazarin aikin fata. Sa'an nan ku tafi da littafin da takardar awo wurin mai gari da hakimi da ma'aikatar muhalli da ofishin NESREA na jiharku. Kukan mutum ɗaya a kan manta da shi, amma takarda mai hannun manoma 50 da sakamakon awo tana da wuyar turewa.

Idan kuma aka zo da zancen gina matata a garinku, ku yi murna, ku kuma yi tambaya tun a taron farko: wa zai tsare bakin ƙofar masana'antu, sau nawa za a auna ruwansu, ina kuma za a kai lakar? Tun ran gini ran zane.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Daga ina ruwan da mu ke ban gona da shi ya ke fitowa, me kuma ke zuba cikinsa kafin ya iso mu?
2. Akwai masu cajin batir ko masu rini ko masu wanke zinariya a garinmu? Ina su ke zubar da ruwansu?
3. Wane ne a cikinmu zai riƙe littafin rubuta halin ruwa a wannan rani?
4. Nawa kowa zai iya bayarwa domin a kai ruwanmu da ƙasarmu awo kafin shuka ta gaba?